MINSHARI BA ABIN DARIYA BA NE

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Gobarau, cikin birnin Katsina, da bazara, ya san yadda dare ya ke. Zafi kan kori mutane daga ɗaka, kowa ya ja tabarmarsa, wani tsakar gida, wani zaure, samari kuwa ƙofar gida. In dare ya raba, sawu ya ɗauke, sai ka ji abin da ɗakuna su ke ɓoyewa da damina da hunturu, watau minshari. Wani siriri, wani mai kauri, wani kuwa sai ka ce ana jan turmi bisa daɓe. Gari na wayewa a taru a bakin masallaci ana ba'a, mai minsharin ya rantse shi bai yi ba, a yi dariya a watse.

Ni ma na daɗe cikin masu dariyar nan. Akwai wani maƙwabcinmu, direba ne, yana ɗaukar fasinja tsakanin Katsina da Kano. Mutum ne kakkaura mai gajeren wuya, mai fara'a, yara sun sa masa suna injin niƙa saboda minsharinsa. Wata rana da dare barci ya ƙi zuwa mini, na kwanta ina jinsa ta bayan katanga. Yana cikin ja sai na ji tsit. Na shiga ƙirge a zuci, na kai talatin ban ji motsi ba. Can sai ya yi wata irin ajiyar numfashi da ƙarfi, kamar wanda aka tsamo daga rijiya, sa'an nan ya koma ja. Haka ya yi ta yi har assalatu. Na yi niyyar in gaya masa, kunya ta hana ni. Ba a yi shekara ba barci ya sace shi bisa hanya da rana tsaka, mota ta faɗa rami. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata mata ta karye a ƙafa, shi kuwa ya rasa motar da ya ke ci da iyali da ita. A asibiti aka tarar jininsa ya hau ƙwarai. Da wani likita ya tambayi matarsa yadda ya ke barci, sai ta ce shekara da shekaru ta ke zaune da fargaba, har takan taɓa shi da dare don ta tabbata yana da rai, amma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da za mu fid da minshari daga dandalin ba'a, mu kai shi inda ya dace, watau gaban likita.

Abin Da Ke Kawo Shi

Bari mu fara da sanin abin da ya ke faruwa. Bayan hanci da baki akwai hanyar da iska ke bi zuwa huhu. Hanyar nan ba ƙashi ba ce, nama ne mai taushi: ga ƙarshen ganɗa, ga beli wanda waɗansu ke kira hakin wuya, ga gindin harshe, ga bangon maƙogwaro. Muddin mutum na farke, tsokoki suna riƙe da hanyar a buɗe. In ya yi barci sai su saki, hanya ta ƙuntata, iska ta riƙa kutsawa da ƙyar tana kaɗa naman nan kamar yadda iska ke kaɗa tuta. Ƙarar kaɗawar ita ce minshari.

Abubuwan da ke ƙuntata hanyar suna da yawa. Babba daga cikinsu ƙiba ce, musamman kitsen wuya da tumbi. Sai kwanciya rigingine, domin harshe kan zame baya. Sai toshewar hanci, ko ta mura, ko ta ƙurar hunturu, ko ta hayaƙin itace da taba. Sai giya da ƙwayoyin sa barci, da irin su taramol da maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da yinsa a 2018. Waɗannan duka suna ƙara sakin tsokoki, suna kuma danne numfashi. Sai tsufa, sai kuma halitta, kamar mai ƙaramin haɓa ko babban harshe. Maza sun fi mata yi, amma in mace ta daina al'ada takan fara kamo su.

To, minshari iri biyu ne. Akwai wanda ƙara ce kawai, numfashi na tafiya daidai, mai shi ya tashi garau. Wannan illarsa ta fi faɗawa kan abokin kwana. Akwai kuma wanda hanyar kan rufe gaba ɗaya, numfashi ya ɗauke. Ƙirji na ta ƙoƙarin ja, iska ba ta wucewa, iskar oksijin ta ragu cikin jini, zuciya ta shiga wahala, har ƙwaƙwalwa ta firgita mutum ya farka kaɗan, ya buɗe hanya, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Likitoci suna lissafa ɗaukewar da ta kai sakan 10 ko fiye. In ta auku sau 5 zuwa 15 cikin awa guda, ciwon ƙarami ne. Daga 15 zuwa 30, matsakaici. Abin da ya haura 30 kuwa ya tsananta. Ku duba fa, jama'a: mutumin da numfashinsa ke ɗaukewa sau 30 a awa, in ya yi barcin awa 7, an shaƙe shi sau 210 ke nan a dare guda. Ina hutawa a nan?

Yadda Aka Gane Ciwon

Kada wani ya ce mu kaɗai muka yi sakaci. Turawa ma sun daɗe suna dariya. Wani marubucin Ingila, Charles Dickens, cikin littafinsa Pickwick Papers da ya fara fitowa a 1836, ya kawo wani yaro mai ƙiba mai yawan barci da minshari, don ya ba masu karatu dariya. Sai a 1956 waɗansu likitoci a Amurka suka ari sunan littafin suka sa wa ciwon masu ƙiba da yawan gyangyaɗi. A 1965 likitoci a Faransa da Jamus suka tsare irin waɗannan mutane da na'ura suna barci, suka ga da idonsu yadda numfashi ke ɗaukewa. A 1976 Dakta Christian Guilleminault da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana ciwon filla-filla, suka nuna har yara yana kamawa. A 1981 kuwa Dakta Colin Sullivan na birnin Sidni a ƙasar Ostireliya ya ba da labarin injin hura iska wanda har yau shi ne babban maganinsa.

Game da yawan masu ciwon, wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta mutum wajen miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da shi, miliyan 425 daga cikinsu kuwa nasu matsakaici ne ko mai tsanani. Cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi har da Nijeriya. Ashe ba ciwon Turawa ba ne, yana nan cikin zaurukanmu.

Illarsa kuwa ba ƙarama ba ce. An tabbatar yana da hannu cikin hawan jini, musamman irin wanda a ke ta shan magani ya ƙi sauka. Masu shi sun fi sauran mutane haɗuwa da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da ciwon sukari. Direba mai wannan ciwo, in ba a yi masa magani ba, haɗarin da ke kansa na yin karo ya ninka na lafiyayye sau biyu ko fiye. Don haka ne a 2014 Tarayyar Turai ta sa doka cewa mai ciwon da ya kai matsakaici, yana kuma fama da barci da rana, ba a ba shi lasin tuƙi sai likita ya shaida yana kan magani.

Alamun Da Za A Duba

Mai barci bai san abin da ya ke yi ba, saboda haka shaida tana hannun wanda ke kwana kusa da shi. Ga abin da za a lura da shi: minshari mai ƙarfi wanda a ke ji ta bayan ƙofa kusan kowane dare, yin tsit sa'an nan a farka da shaƙewa, tashi fitsari sau da yawa, wayuwar gari da ciwon kai da bushewar baki, gyangyaɗi da rana, ko a kasuwa, ko a ofis, ko ana huɗuba, ko ana cikin magana da mutum, yawan mantuwa da saurin fushi, har da raguwar ƙarfin namiji wajen iyali. In an haɗa da hawan jini, da shekaru fiye da 50, da kaurin wuya, zato ya yi ƙarfi. Awon wuya ba shi da wuya, telanka ma ya san naka tun ran da ya ɗinka maka kaftani. In ya wuce inci 16, watau santimita 40, yana cikin alamun da likitoci ke ƙirgawa.

Yara kuwa nasu daban ne. Yaro mai lafiya ba ya minshari kullum. In yana yi, yana barci baki buɗe, yana juye-juye, yana fitsarin kwance bayan ya wuce shekarunsa, ba ya girma yadda ya kamata, ko malamai na kukan ba ya natsuwa a aji, sau da yawa ƙulluttan nan biyu na gefen maƙogwaro ne, da wani nama a bayan hanci, suka kumbura suka tare hanya. Yara masu sikila sun fi shiga wannan, kuma ragin iska cikin jini ya fi yi musu lahani. Kada a doki yaro a ce malalaci ne alhali shaƙe shi a ke yi kowane dare. Mace mai ciki kuma, in ta fara minsharin da ba ta saba yi ba, ta faɗa wurin awo, domin wani lokaci yana tafiya tare da hawan jinin masu ciki.

Maganar Wanzami

Na san wani zai ce, ai wannan aikin wanzami ne, a cire beli a huta. Wanzamai mutanenmu ne, suna da daraja, ba na nufin cin zarafinsu. Amma a yi mini adalci a amsa tambaya guda. Mu nawa ne aka cire wa beli tun muna jarirai, kafin ma a raɗa mana suna? To, me ya sa garin ke cike da masu minshari? Dalili shi ne, beli ɗan yanki ne kawai na hanyar. Toshewar takan kasance a gindin harshe ko bangon maƙogwaro, inda ƙarfen wanzami ba ya kaiwa. Gaskiya ne likitoci ma suna da aikin da su ke rage ganɗa da beli, wanda Dakta Shiro Fujita ya bayyana a Amurka a 1981. Amma ba kowa a ke yi wa ba, sai an auna an ga ya dace, kuma ko su sun yarda ba kullum ya ke warkarwa ba. Balle a zaure, ba a ga cikin wuya sosai ba, ba a da abin tsai da jini. Ana samun zubar jini mai yawa, da ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, da ciwon hanta ko ƙanjamau in ƙarfe ya taɓa wani ba a dafa shi ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Magani

Maganin farko yana gida, ba ya cin ko kwabo. Na ɗaya, rage ƙiba. Mun saba ɗaukar tumbi alamar arziki, mu ce Alhaji ya yi kyau, ya murje. Wani bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka buga a 2000, ya nuna in nauyin mutum ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ɗaukewar numfashinsa kan ƙaru da wajen kashi 32. In ya ragu da kashi 10, takan ragu da wajen kashi 26. Saboda haka a rage lodin tuwo da maiƙo da lemon kwalba, musamman da dare, a riƙa taka ƙasa. Daga Gobarau zuwa Ƙofar Soro ba tafiyar babur ba ce ga mai ƙafafu. Na biyu, kwanciya a gefe. Malamanmu sun daɗe suna horonmu da kwanciya bisa ɓarin dama, ga shi likitoci sun zo sun tarar kwanciyar gefe na hana harshe zamewa baya. Wanda ke birkicewa cikin barci, a ɗinka masa aljihu a bayan rigar barci a sa goruba guda, da ya juya rigingine za ta tashe shi. Na uku, a ɗaga wajen kan gado kaɗan. Na huɗu, a bar taba da giya da ƙwayoyi, a nemi maganin toshewar hanci.

In an yi waɗannan abin bai sauya ba, ko kuwa an ga numfashi na ɗaukewa, sai asibiti, ba jira. A nan Katsina akwai Babban Asibiti, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Shika ta Zariya akwai na Jami'ar Ahmadu Bello, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, inda likitocin kunne da hanci da maƙogwaro su ke. Likita zai duba hanci da wuya, ya auna jini da nauyi. Tabbataccen gwaji shi ne a kwana da na'ura a jiki tana lissafa numfashi da yawan iska cikin jini. Kafin a je, uwargida ta ɗauki muryar maigida da wayar hannu na ɗan lokaci yana barci. Gani ya kori ji, kuma wannan kan kashe gardama.

Ga wanda ciwonsa ya tsananta, magani shi ne injin nan na Dakta Sullivan, wanda a ke kira CPAP. Ɗan akwati ne da tiyo da abin rufe hanci, yana hura iska a hankali, iskar ta riƙe hanya a buɗe har safe. Yana kashe minshari, yana kawar da gyangyaɗi, yana taimakon hawan jini, yana rage haɗarin hanya. Amma a sani kamar tabarau ya ke, ran da ka ajiye shi ciwon ya dawo. Ga mai ƙaramin ciwo ko matsakaici akwai wani abu da likitan haƙori ke ƙerawa, a sa a baki da dare ya turo haɓa gaba. Yara kuwa, yawancinsu in likita ya cire musu naman da ya kumbura sukan sami sauƙi sarai. A ƙarshen 2024 ma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata allurar rage ƙiba don masu wannan ciwo, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka.

Masu Cewa Ba Shi Ne Damuwarmu Ba

Akwai masu cewa, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da yunwa ke kashe yara, ina ta ga lokacin minshari? Akwai kuma masu cewa, injin da ke son wutar lantarki dare duka, ga tsada, wa zai iya? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, ba na musu. Ban ce a bar sauro a kama minshari ba, ban kuma ce kowane mai minshari majinyaci ne ba. Abin da na ce shi ne, yawancin abin da a ke bukata tambaya ce da awo, ba kuɗi ba. Kuma in ana lissafin tsada, a lissafa har da kuɗin jinyar magidancin da ɓarin jikinsa ya shanye, da iyalin da zai bari ba mai nema musu, da fasinjojin da ke bayan direba mai gyangyaɗi. Batun wuta kuwa, injin ba ya cin wuta da yawa, batir da faifan hasken rana irin waɗanda suka cika kasuwanninmu suna iya ɗaukarsa.

Saboda haka ina roƙon abu huɗu. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta umurci ma'aikatan asibitoci da ɗakunan shan magani su riƙa tambayar duk mai hawan jini yadda ya ke barci. Manyan asibitocinmu su tanadi na'urorin gwajin barci waɗanda mutum zai tafi da su gida ya kwana ya mayar. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ta haɗa kai da shugabannin direbobi a tashoshin Katsina da Funtuwa da Daura da Jibiya, a riƙa auna direbobi, ba don a raba su da abincinsu ba, sai don a yi musu magani su ci gaba da aiki. Goro da shayi mai kauri ba su biyan bashin barci. Na huɗu, malamai da limamai su sa baki, domin maganarsu ta fi tamu shiga gidaje.

Ku kuma iyayenmu mata, ku ne masu gadi. Masu tarihi sun ce hasumiyar Gobarau, mai tsawon wajen ƙafa 50, wadda a ke danganta ginin ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ban da kiran salla har tsaro aka yi da ita, a hau a hango abokan gaba tun suna nesa. Mai gadin da ya hango ƙura ya yi shiru don kunya, bai kyauta wa gari ba. Ki sami lokacin da maigida ya natsu, ki ce, "Alhaji, ba ƙarar ce ta dame ni ba, numfashinka ne ke ɗaukewa, ina jin tsoro." Kai kuma maigida, kada ka ɗauka raini ne. Wadda ta hana idonta barci tana ƙirga numfashinka, ba maƙiyiyarka ba ce.

Maƙwabcin nan namu yana nan da ransa. Ya rage jiki, yana shan maganin hawan jini, yana kwana a gefe, ya koma sana'a. Amma matar da ta karye har yau tana ɗingishi, ni kuwa duk ran da na tuna daren da na ƙirga talatin na yi shiru, sai in ji da alhakina a ciki. Kada wani ya yi irin shirun da na yi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya da barci mai daɗi, amin.